Tafiyar Iskandariyya da Inna Kafin Aikin Ido

Laraba: daga Ainu Shams zuwa tashar Ramsis

Ana sallame sallar asuba muka sauko daga hawa na biyar, mu uku: ni, da mahaifiyata Inna, da autarmu Saratu. Fitilar matattakalar gidan da nake haya a unguwar Ainu Shams ta Alƙahira ta mutu tun bara, mai gidan kuwa kullum gobe zai gyara. Saratu na gaba da jaka, Inna na dafe da kafaɗarta, ni ina baya da kwandon abinci da fulas biyu kamar ɗan dako. Kafin mu taka ƙasa na riga na gaji, alhali ba a ma fara tafiyar ba.

Bari in gaya wa na gida abin da ya fito da mu, don na san akwai masu cewa Lawal ya ajiye karatu ya tafi shan iska. Yanar ido ce ta kawo Inna Alƙahira daga Malumfashi. Idon hagu ya rufe ruf, na dama kuma inuwa-inuwa take gani da shi. Likita ya duba, ya zuba mini dogon bayani da Larabci, ya sa ranar Litinin, ya kuma ja mini kunne cewa in aka ƙara jan ƙafa idon zai iya wuce gyara. Na dunƙule bayanin na miƙa wa Saratu, ita kuma ta ƙara dunƙule shi ta miƙa wa Inna: aiki ranar Litinin. Inna ta ce ba mai taɓa mata ido, a nema mata jirgin Asabar ta koma gidanta. Dalilinta ba wanda bai sani ba a dangi. Yayarta, Iya Hurera, wani mai yawo ƙauye-ƙauye da tsinken ƙarfe ne ya ce zai cire mata yana. Ta shiga ɗakin tana ganin hanya, ta fito sai da ɗan jagora, kuma haka ta rasu.

Saratu ce ta kawo dabarar tafiyar.

"Yaya, mu fitar da ita daga warin asibitin nan. Mu kai ta inda kallo ne kaɗai abin yi, ta ji haushin rashin gani. In ta yi laushi sai a yi mata magana."

"Wa zai yi maganar?"

"Kai mana. Ni ta riga ta raina ni."

Nan fa ake yin ta. Ni ne ɗan farin Inna, ita kuwa irin mutanen da ce masu alkunya ta gaske. Kakata ce ta raine ni. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba, in kuma tana da magana da ni sai ta bi ta kan wani: "A gaya wa wancan abincinsa na nan a rufe." Ni ma a haka na tashi, in gaishe ta kaina a ƙasa in wuce. Wai yau ni, da gemuna, zan zaunar da ita in lallashe ta.

Muka shiga metiro, jirgin ƙasa na cikin gari, su a taragon mata, ni a na gama-gari, a tsaye, hannun wani ma'aikaci a kan wuyana har tashar Shuhada. A ƙofar babbar tashar jirgin ƙasa ta Ramsis aka sa kayanmu a na'ura, aka duba fasfo da takardar zamana. Jami'in ya buɗe fulas ɗaya ya shaƙa, ya dube ni.

"Mene ne wannan?"

"Kunun gyaɗa ne. Na Hajiya."

Ya sake shaƙa, ya rufe. "Yalla, ku wuce."

Cikin jirgi

Jirginmu na ƙarfe bakwai ne, ya tashi da ɗan lattin da ba ya kai a yi ƙorafi. Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya kilomita ɗari biyu ne da ɗoriya. Sanyin na'urar taragon ya yi yawa, har Inna ta ninka mayafinta biyu. Ita ce a bakin taga, Saratu a gefenta, ni a kujerar da ke fuskantarsu tare da wani dattijo Bamisire mai jarida.

Muna wuce Banha gonaki suka buɗe, Saratu ta fara aikin da ta ɗora wa kanta. "Inna, ga masara! Ga ɓauna nan a cikin ruwa, ga wata mata a kan jaki da ƙaton kabeji!"

"Ni kore kawai nake gani, kamar an ɓarar da miyar kuka," in ji Inna. Sannan ta ce, "Ke, tambaye shi. Wai gumaka za a kai mu kallo?"

Saratu ta juyo. "Yaya, wai gumaka ne?"

"Ki ce mata kufan mutanen da ne. Ana zuwa ne don a ga yadda masu ƙarfi suka ƙare, a ɗauki darasi."

"Inna, ya ce..."

"Na ji. A ce masa sannu da karatu."

Dattijon nan ya daɗe yana bin kawunanmu da ido. Can ya sauke jarida ya raɗa mini, "Kun yi faɗa da Hajiya ne?" Na ce a'a, al'ada ce. Ya ce al'adar me? Na fara bayani, na ga abin zai kai mu har garin Ɗanɗa ban gama ba, sai na ce masa girmamawa ce kawai. Ya gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba, ya koma kan jaridarsa. Mai shayi ya wuce na saya mana uku, ruwan zafi ne da sukari kamar a gidan biki. Daga Damanhur na yi gyangyaɗi har wuyana ya ƙage.

Iskandariyya: masauki da kifi

Wajen goma da rabi muka sauka. Tun kafin mu fita tasha dillalan gidaje suka yi mana caa, don lokacin hutu ne, rabin Alƙahira ta kwararo bakin teku. Na bi wani mai ƙaramar murya saboda na gaji da masu ihu. Ya rantse gidan yana kallon teku. Gaskiyarsa ce: in ka shiga kicin, ka hau kujera, ka leƙa ta tsakanin shanyar maƙwabta, za ka hango wani ɗan shuɗi. Hawa na uku ne, ɗaki biyu, fanka ɗaya mai kuka. Na yi ciniki har bakina ya bushe, ya rage abin da bai kai kuɗin tasi ba. Na ce khalas, shi ke nan, ba ni makulli.

Da azahar muka ci kifi a wani shago kusa da masaukin, irin wanda kake nuna kifinka a gasa maka. Inna ta ci kaɗan da gurasa. Saratu kuwa ta ga jatan lande, ta ce tun da take ba ta taɓa ci ba, ta sa aka cika mata faranti. Na ce ta bi a hankali. Ta ce, "Yaya, hutu muka zo." Da yamma muka zauna a bakin titin da ya bi gaɓar teku, motoci na ta hon a bayanmu, iska na kaɗa mayafin Inna. Sau biyu Saratu na zungura ta da gwiwar hannu wai in fara magana. Sau biyu ina gyara murya, in ƙare da tambayar ko a sayo gasasshiyar masara.

Alhamis: ginshiƙi da ramin sassaƙa

Gari ya waye Saratu na kwance ta naɗe kamar tabarma. Jatan lande ya yi aikinsa. Na sayo mata magani da ruwan roba, na ce a fasa fitar.

"Wallahi ba a fasawa," ta ce da ƙyar. "Gobe za mu koma, jibi Asabar. Ku tafi ku biyu."

Inna na zaune a bakin gado da carbi. Ta ce wa bango, "Tunda an riga an ɓata kuɗi, a je a gani."

Tun da aka haife ni ban taɓa fita ni da ita mu biyu ba. A matattakala na miƙa hannu, ta yi kamar ba ta ji motsina ba, ta laluba ta kama igiyar jakar da ke kafaɗata. Haka muka yi ta tafiya ranar, ni a gaba, ita tana riƙe da igiya.

Tasi mai launin baƙi da rawaya ta kai mu unguwar Karmuz, inda wani ginshiƙi yake da suke kira Amudus Sawari. Wurin da can babban ɗakin bauta ne na mutanen farko. Yanzu sai tudu, da tarkacen duwatsu, da ginshiƙi ɗaya na jan dutse da ya tsaya shi kaɗai, dogo har sai hula ta faɗi. Kuɗin shiga na baƙo daban ne da na ɗan ƙasa, katin ɗalibi ya rage mini nawa. Rana ta riga ta buɗe, ba inuwa ko ta tsuntsu.

Na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na riƙa yi wa iska magana, kamar mai karanta allo. "Ga ginshiƙi nan, dutse ɗaya ne tun daga ƙasa har sama. Ga wasu dabbobi biyu an sassaƙa a kwance." A gefen hanya akwai guntayen sassaƙa da aka jera a ƙasa. Inna ta saki igiya ta kai hannu kan ɗaya. Mai gadi ya taso yana cewa an hana taɓawa, da ya matso ya ga idanunta sai ya tsaya, ya ce, "Ma'alish, ya Hajja," wato ba komai Hajiya, ya juya baya. Ta shafa kan, ta shafa ƙafafun.

"Wannan ai kyanwa ce da kan mutum," ta ce. "Mutum ya zauna ya ɓata ƙarfinsa."

Daga nan muka taka zuwa Kom Shuƙafa, tafiya kaɗan ce amma ta cikin kasuwa, ga keken doki, ga masu babur mai ƙafa uku da ba su san birki ba. Wurin kaburbura ne da aka fafe a cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka ta matattakala mai zagaye rijiya. Na so mu tsaya a sama. Ta ce wa rijiyar, "An zo har nan kuma a tsaya?"

Muka fara sauka. Wajen tsakiya ƙafarta ta zame. Ban san lokacin da na juya na cafke wuyan hannunta ba. Hannun ba nauyi, ƙashi ne da fata da munduwa ɗaya. Ba ta ƙwace ba, ni ma ban saki ba har muka kai ƙasa. Muna isa ta zare hannunta ta koma kan igiya.

Ƙasan akwai sanyi da warin danshi. Sassaƙar kuwa, in faɗi gaskiya, ta cancanci a gani. A bakin babban kabarin an fitar da macizai biyu a jikin bango, kowanne da gemu da kambi. A ciki ga gawa a kan gado, wani mai kan kare ya sunkuya a kanta, a wani gefen kuma ga shi an sa masa sulken soja. Na riƙa faɗa wa bango abin da nake gani.

"A'uzu billahi," in ji Inna. "A sauko rami don a ga kare." Sannan a hankali ta ce, "Ni dai da nan da waje duk kusan ɗaya ne."

Ga ƙofa ta buɗe mini. Na buɗe baki in yi zancen aikin. Abin da ya fito shi ne, "A hau a hankali, akwai santsi." Na ji haushin kaina ƙwarai. Mutumin da ke tsayawa gaban malamai yana kare bincike da Larabci, ya kasa jimla ɗaya da Hausa.

Bakin teku

Bayan la'asar na duba Saratu, na tarar ta samu barci, sai muka shiga ƙaramar bas zuwa gabashin gari inda ake wanka. Nan ma sai an biya a ƙofa, a sake biyan kujera, a sake biyan laima. Mutane kamar ranar kasuwa: yara na ihu, masu tallan alewa na ratsawa, matan Misira kuwa sun kafa kujerun roba a cikin ruwan, da abayoyinsu, suna hira. Na kafa wa Inna tata inda igiyar ruwa ke isowa ta koma. Ruwan ya taɓa ƙafarta ta ɗan zabura, sannan ta bar shi.

"To ina tekun?" ta tambayi iska.

"Ga shi nan gaba, har iyakar gani."

"Fari kawai."

A gefenmu akwai wata dattijuwa Bamisriya, mai jiki, da tukunyar mahshi a cinya, wato shinkafar da ake naɗewa a ganyen kabeji. Ta dube mu ta dube mu, ta kasa haƙuri, ta jawo kujerarta. Ta dafa gwiwar Inna ta yi tambaya. Dole na zama tafinta.

"Ta ce wai ni ɗanki ne?"

Inna ta juya wajen matar, ta saki fuska. "A ce mata na kakarsa ne."

Na ce wa matar eh, ɗanta ne. Ta yi addu'a, ta cusa wa Inna mahshi a hannu. Sai na lura da wani abu: Inna na fuskantar matar nan tana magana a sake, muryarta irin wadda take yi da ƙawayenta a tsakar gida, kuma duk abin da ta faɗa ta kunnena yake bi. Dabara ta faɗo mini. Matar ta sake cewa, "Kuli, kuli," wato ci, ci.

Na yi kamar fassara nake, na ce wa Inna, "Ta ce me ya samu idonki, kuma me ya sa kike gudun aiki, alhali likitocin nan ba irin mai tsinken nan ba ne, asibiti ne da na'ura, kuma in kika koma gida a haka idon zai ƙarasa mutuwa, 'ya'yanki kuma hankalinsu ba zai taɓa kwanciya ba."

Inna ta tauna mahshinta a hankali. "Ikon Allah," ta ce. "Larabci akwai albarka. Kalma biyu ta haifi duk wannan."

Na sunkuyar da kai. Na ce shi ke nan, na ɓata. Amma ba ta juyar da kai ba, ta ci gaba da fuskantar matar.

"A gaya mata, ni ba don ido na hau jirgi ba. Yaron nan ya daɗe bai zo gida ba, na ce bari in je in gan shi tun da sauran abin gani. Lokacin da nake da ido garau, kunya ba ta bar ni na dube shi ba, sai dai in ya juya baya. Yanzu da na daman nan ina ganin inuwarsa, na san tsayinsa, na san tafiyarsa. In suka taɓa, inuwar ma ta tafi fa? A tambaye ta, in ita ce za ta yarda?"

Matar ta dube ni tana jiran fassara. Na kasa. Na ce mata da Larabci wai Hajiya ta ce mahshin ya yi daɗi. Ta kalli fuskata, ta kalli Inna, ta ga dai ba zancen kabeji ba ne, sai ta kama hannun Inna ta riƙe, ta yi wata 'yar magana da ni ma ban ji ba saboda ƙarar ruwa.

Na share fuskata da hannun riga. "Ta ce ai ba mai taɓa na daman. Na hagun da ya riga ya rufe shi za a yi ranar Litinin. Na dama yana nan yadda yake, sai kin gani da na hagun, kin kuma ce a yi, sannan a yi. Inuwar ba inda za ta."

Inna ta daina tauna. "Ɗaya za a fara?"

"Ɗaya."

"To me ya hana a faɗa tun farko?"

Likita ya faɗa mini tun ranar farko. A hanya maganar ta zube, tsakanin bakina da na Saratu.

Na ce, "Ta ce tafintan ne bai iya aikinsa ba."

Inna ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, har kafaɗunta na rawa. Matar ma ta kama dariya ba tare da ta san dalili ba. Da ta lafa, Inna ta miƙa ƙafafunta cikin ruwan sosai.

"A gaya mata na ji. A bar zancen jirgin Asabar."

Juma'a: komawa

Jirgin safe muka biyo, Saratu a jingine da taga ba ta ko son jin sunan kifi. Ta yi ta yi mini alama da gira, ni kuwa na rufe ido, don ko bayani ba ni da ƙarfin yi. Mun iso Ramsis da hantsi, muka sha matsin metiro, muka hau hawa biyar ɗin nan muna hutawa a kowane bene. Yashi a cikin takalmi, yashi a cikin jaka, har a cikin fulas. Na samu Juma'a da ƙyar, na dawo na faɗi kamar an sare ni.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa 'yan'uwa ɗalibai da suka yi ta zirga-zirgar asibiti tare da mu, da Saratu da cikinta ya biya kuɗin dabararta, da baiwar Allahn nan mai tukunyar mahshi da ko sunanta ban tambaya ba. Duk inda take, Allah ya saka mata.

An yi aikin ranar Litinin. Washegari likita ya cire bandejin, ni ina tsaye can bakin ƙofa. Inna ta ƙifta ido, ta dubi tafin hannunta, ta dubi taga, ta dubi Saratu ta ce ashe ɗankwalin nan ja ne. Sannan ta juyo wajen ƙofa. Ba ta daɗe ba, ta kawar da kai da sauri ta hau gyaran mayafi.

"Saratu, ki gaya wa wancan ya riƙa cin abinci. Kuma furfurar nan ta gemunsa, tun yaushe?"

Saratu ta juyo, idonta ya cika. "Yaya, ka ji."

Na ce na ji.